Lambar da ta shekara 92 ana mata kallon firam: 4,294,967,297

Ƙanina yana da ɗan shago na tura fina-finai da karatun malamai a waya, irin shagon nan da za ka ga kwamfuta ɗaya da igiyoyin caja rataye ko'ina. Ranar nan da yamma na biya ta wajensa na tarar yana ta fama da filash ɗin wani kwastoma. Filash ɗin giga 32 ne, kusan ba komai a cikinsa, amma bidiyon biki guda ɗaya mai giga biyar da 'yan kai ya ƙi shiga, da ya tura sai kwamfutar ta ce fayil ɗin ya yi girma. Ya zare ya mayar, ya canja rami, har hura bakin filash ɗin ya yi, shiru. Ya ce min "Yaya wallahi inaga jabu ne aka sayar wa mutumin nan." Na ce masa a'a ba jabu ba ne, tsarin da aka yi fomatin ɗinsa da shi ne, FAT32, shi wannan tsarin gurbi 32 kacal ya ware na rubuta girman fayil, kowane gurbi kuma ko 0 ko 1, don haka iyakar abin da zai iya rubutawa shi ne bayit 4,294,967,295, ko bayit ɗaya ka ƙara a kai bazai karɓa ba. Muka kwashe ɗan abin da ke ciki muka mayar da shi exFAT, bidiyo ya shige lafiya lau.

Shi dai ya samu biyan buƙata, ni kuma tun daga shagon har gida lambar nan ce a kaina, domin idan ka ƙara mata 2 za ka samu 4,294,967,297, kuma wannan ɗin lamba ce da nake so sosai tun ina ɗalibi, yanzu ma da nake koyar da lissafi kusan duk shekara sai na kawo wa yara ita.

Bari mu fara kallonta haka nan da ido. Biliyan huɗu da miliyan ɗari biyu da casa'in da huɗu da dubu ɗari tara da sittin da bakwai da ɗari biyu da casa'in da bakwai. Alƙaluma goma. Da za ka zauna ƙirga ta, ɗaya a kowane sakan, ba barci ba cin abinci, sai ka shekara 136 baka gama ba. In kuma naira ce 'yan dubu-dubu, rafa dubu arba'in da biyu da ɗari tara da wani abu kenan. Mara ce ba cika ba, tunda da 7 ta ƙare, don haka 2 ba ta raba ta, 5 ma haka. Ka tara alƙalumanta su ba ka 59, 3 ba ta raba 59, kenan 3 ma ta fita. Ka gwada 7, 11, 13, 17, 19, duk da saura. Kana iya ɓata yini kana gwadawa da biro har ka wuce ɗari shida ba ka samu wadda ta raba ta ba, daga nan zuciyarka ta fara ce maka ai wannan firam ce.

Firam, ga wanda ya manta, ita ce lambar da ba abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7, 11, 13. Ni a aji gagara-raba nake ce musu don yara su riƙe.

Asalin lambar tamu kuwa ita ce 2^32 + 1, wato ka jera 2 har guda 32 ka ninka su da juna, sannan ka ɗora 1. A rubutun kwamfuta na sifili da ɗaya kyakkyawa ce ƙwarai: 1, sai sifili 31 a jere, sai 1. Gurbi 33 take ci, shi ya sa ma'ajin da ke da gurbi 32 ba ya iya ɗaukarta, in ka matsa masa ɗayan farkon ya zube ya bar ka da 1 kawai.

To mutumin da ya jawo mata suna shi ne Pierre de Fermat, ana furta shi Ferma, Bafaranshe ne, kuma aikinsa na cin abinci shari'a ce a birnin Tulus, lissafi a gefe yake yinsa don sha'awa, galibi ta hanyar wasiƙu da abokai. Ya lura da wani abu: in ka ɗauki 2 ka ninka ta hawa-hawa ka ƙara 1, ba kowane hawa ne ke da damar ba da firam ba. 2^3 + 1 tara ce, 3 ta raba ta. 2^5 + 1 = 33. 2^6 + 1 = 65, wato 5 sau 13. 2^12 + 1 = 4,097, wato 17 sau 241. Duk hawan da wata lamba mara, banda 1, take raba shi, to sakamakon sai ya tsage, wannan tabbatacce ne da hujja. Hawan da suka rage su ne 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64 haka haka, kowane ninkin na bayansa. Da ya gwada waɗannan sai ya samu 3, 5, 17, 257, 65,537. Biyar a jere, duka firam, ba ko ɗaya da ta ba shi kunya. A yau ana kiransu F0 zuwa F4, tamu kuma ita ce ta shida a layi, F5.

A 1640 ya rubuta wa abokinsa Frénicle de Bessy cewa shi kam ya gamsu duk lambobin wannan jerin firam ne har abada. A nan dole in yi masa adalci domin mutane da yawa in suna ba da labarin sai su mayar da shi kamar mai cika baki. A wasiƙar nan bai ce ya tabbatar ba. Ya faɗa a fili cewa cikakkiyar hujja ba ta zo hannunsa ba, ya dai yi imani da abin sosai. A 1654 ya sake maimaita maganar ga wani masanin lissafin, Blaise Pascal. Ya rasu a 1665 yana kan wannan fahimtar, kuma bayansa aka ci gaba da tafiya a haka shekara da shekaru, ba wanda ya zauna ya taɓa F5 da gaske, ai magana ce ta Ferma, wa zai ja.

Abin da ke ɗaure min kai, kuma shi ne ainihin dalilin da ya sa nake wannan dogon rubutun, shi ne makamin da za a fasa lambar da shi yana hannun Ferma ɗin tun a wannan shekarar ta 1640. A shekarar ne ya fasa 2^37 − 1, lamba mai alƙaluma goma sha biyu, wadda ta fi tamu girma nesa ba kusa ba. Bai bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ba, ya gano cewa duk firam ɗin da za ta raba ta sai ta kasance ninkin 74 da ƙarin 1, ya gwada 149 ba ta yi ba, ya gwada 223 ta yi. Shikenan. Irin wannan dabarar sak ita ce ke fasa F5. Masu tarihin lissafi sun yi ta hasashe, wasu na ganin ya gwada ne ya yi kuskuren rabawa a wani wuri bai koma ya duba ba, wasu na ganin wani gwajin ne ya yaudare shi, zan zo kansa a ƙasa.

Aka zo Disamban 1729. Wani masanin lissafi, Christian Goldbach, yana rubuta wasiƙa ga wani saurayi ɗan Suwizalan da ke aiki a cibiyar kimiyya ta St. Petersburg a Rasha, Leonhard Euler, sunan ana furta shi Oila, sai a ƙarshen wasiƙar ya ɗan saƙala tambaya, ko ka san maganar Ferma cewa duk waɗannan lambobin firam ne, shi ya ce bai iya tabbatarwa ba, kuma a sanina ba wanda ya tabbatar. Oila lokacin shekararsa 22. A 1732, yana da 25, ya fito da amsa:

4,294,967,297 = 641 × 6,700,417

Kar ka yarda da ni, ɗauko biro. 6,700,417 sau 600 ya ba ka 4,020,250,200. Sau 40 ya ba ka 268,016,680. Sau 1 kuma ita kanta. Tara ukun: 4,020,250,200 da 268,016,680 sun zama 4,288,266,880, ka ɗora 6,700,417, ga 4,294,967,297 cif. Daga 1640 zuwa 1732 shekara 92 kenan, abin da layi uku na ninkawa ke rushewa.

641 firam ce, 6,700,417 ma firam ce, don haka duk duniya lambobi huɗu ne kawai ke raba F5: 1, 641, 6,700,417, da ita kanta. Kaga ba laifin mai kallo ba ne in ya ɗauke ta firam, kaɗan ya hana.

Yanzu tambayar da ta fi amsar daɗi, ta yaya ya san 641 zai nufa? A takardar farko bai faɗa ba, sai bayan wajen shekara goma sha biyar ya bayyana hanyar. Zan yi ƙoƙarin faɗinta yadda nake faɗa wa 'yan aji biyar, a yi haƙuri a bi ni a hankali domin nan ne naman yake.

Ka ɗauki wata firam, misali 7. Ka riƙa ninka 2 kana rabawa da 7 kana rubuta saura kawai. 2 saura 2, 4 saura 4, 8 saura 1, 16 saura 2, 32 saura 4, 64 saura 1. Ka ga sauran yana zagaye kamar hannun agogo, taku uku ya dawo 1. Gwada da 17: 2, 4, 8, 16, 15, 13, 9, 1, taku takwas ya dawo. To akwai ƙa'ida, kuma Ferma ɗin ne da kansa ya gano ta ya rubuta wa Frénicle a Oktoban 1640, cewa tsawon wannan zagayen kullum yana raba firam ɗin in an cire mata 1. Na 7 uku ne, uku ta raba 6. Na 17 takwas ne, takwas ta raba 16.

Sai mu ce, a ƙaddara akwai wata firam da ke raba 2^32 + 1, bamu san ta ba tukuna. Ma'anar haka ita ce a taku na 32 agogonta saura ɗaya ya cika, wato yana kan "ɗaya baya". In ka ninka ɗaya baya da ɗaya baya ka samu 1, kenan a taku na 64 agogon ya dawo 1. Tsawon zagayen dole ya raba 64, wato ko 1, 2, 4, 8, 16, 32 ko 64. Amma da ɗaya ne daga cikin shidan farko, da a taku na 32 an same shi a kan 1, mu kuma mun ce a ɗaya baya yake. Saura 64. Tunda tsawon zagaye yana raba firam-cire-ɗaya, to duk firam ɗin da za ta raba lambarmu sai ta zama ninkin 64 da ƙarin 1. Bamu ga ɓarawon ba amma mun san kamanninsa.

Sai a jero masu wannan kamar: 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641. A zubar da waɗanda ba firam ba, 65 na 5 ce, 129 da 321 da 513 na 3 ne, 385 na 5 ce. Saura 193, 257, 449, 577, 641. Na zauna na raba da kowacce: 193 ta bar saura 109, 257 ta bar 2, 449 ta bar 325, 577 ta bar 288, 641 ta bar sifili. Gwaji na biyar. In da bin layi za ka yi ba dabara, firam 6,542 ne ke ƙasa da 65,536 (a nan ake tsayawa, tunda 65,536 sau kanta saura 1 ta kai lambarmu) waɗanda a ƙa'ida sai ka shirya gwada su duka kafin ka ce lambar firam ce, ita 641 kuma ita ce ta 116 a layin. Ko hakan ma ba abin da ya fi ƙarfin mai haƙuri ba ne, amma ina 116 ina 5.

Daga baya a 1878 wani Bafaranshen, Édouard Lucas, ya ƙara matse abin, ya nuna ba ninkin 64 kaɗai ba, sai ninkin 128 da ƙarin 1. Da wannan, firam ɗin da ke gaban 641 a layi guda ɗaya ce tak, 257. Kuma duba, 641 = 128 × 5 + 1, ita ma babbar 6,700,417 = 128 × 52,347 + 1. Duk biyun sun sa rigar gidan.

Washegari na koma shagon ƙanin nawa, ba kwastoma, na ce zo in nuna maka wani abu game da lambar jiya. Na juya bayan wani tsohon rasit na ce ba ma buƙatar rubuta biliyan huɗun nan sam. 2^8 nawa ne? Ya ce 256, wannan ai kowane mai harkar memori ya haddace. Na ce ninka ta da kanta. Ya danna a waya, 65,536. Raba da 641 ka ba ni saura. 641 sau 102 ya ba da 65,382, saura 154. Na ce to 154 ɗin nan ita ce wakiliyar 2^16, ninka ta da kanta ka samu wakiliyar 2^32. Ya danna, 23,716. Na ce ƙara 1 ɗin Ferma, 23,717, raba da 641. Ya danna ya tsaya yana kallon wayar, 37 cif ba ɗigo ba komai. Ya sake dannawa don ya tabbatar ba hannunsa ne ya goce ba, sannan ya ce "Yaya, wai wannan ne ya gagari mutane shekara casa'in?" Na ce masa ba gagararsu ya yi ba, ba su duba ba ne.

Akwai ma hanyar da ta fi wannan gajarta, wadda ko kalkuleta ba ta so. 641 tana da fuska biyu. Ta farko 5 × 128 + 1, ta biyu 625 + 16, wato 5^4 + 2^4. Fuskar farko ta ce a agogon 641, 5 × 2^7 ɗaya baya ne, ka ninka shi da kansa har gida huɗu ka samu 5^4 × 2^28 yana kan 1. Fuska ta biyu ta ce 5^4 daidai yake da 2^4 baya. Ka musanya, 2^4 × 2^28 wato 2^32 ya faɗa kan ɗaya baya, ka ƙara 1 ya zama sifili. Duk lokacin da na rubuta wannan a allo sai na ji wani daɗi a raina, domin lamba mai alƙaluma goma ce aka kayar ba tare da an ko rubuta ta ba.

To gwajin da na ce ƙila ya yaudari Ferma fa. Waccan ƙa'idar tasa ta agogo ana iya juya ta ta zama gwaji: in lamba firam ce, to a taku na lambar-cire-ɗaya dole agogon ninkin 2 ya kasance kan 1. In bai kasance ba, lambar ba firam ba ce, magana ta ƙare. Matsalar ita ce in ya kasance, hakan bai isa shaida ba. F5 kuwa tana cin wannan jarabawar da 2 lafiya ƙalau, domin zagayenta 64 ne, 64 kuma ta raba 4,294,967,296. Kai duk lambobin Ferma suna cinye ta, firam da waɗanda ba firam ba. Amma ka canja 2 ka sa 3, nan take asirin F5 ya tonu. Da 3 ɗin ne ma ake yin gwajin Pépin na 1877 a yau, duk da shi Pépin, wani masanin lissafi Bafaranshe, da 5 ya fara, kuma har yau gwajin nan ake amfani da shi a kan lambobin Ferma, yana gaya maka firam ce ko ba firam ba ba tare da ya nuna maka mai raba ta ba.

Wata alamar da ke jikinta: lambarmu 65,536 sau kanta ce da ƙarin 1 sau kanta, wato jimlar sukwaya biyu. Firam ba ta iya zama jimlar sukwaya biyu ta hanya fiye da ɗaya. Ita kuwa F5 tana da hanya ta biyu, 62,264 sau kanta da 20,449 sau kanta, na farko 3,876,805,696, na biyu 418,161,601, tara su ka gani. Wannan kaɗai ya isa shaida a kanta.

Mu dawo kan lambar filash, 4,294,967,295, domin 'yar gida ɗaya ce ba haɗuwar hanya ba. Ninka 3 da 5, 15, wato 17 ba biyu. Ninka da 17, 255, wato 257 ba biyu. Ninka da 257, 65,535. Ninka da 65,537, sai ga 4,294,967,295. Iyakar girman fayil a FAT32 ita ce firam biyar ɗin Ferma an ninka su da juna, ba ƙari ba ragi. Daga wannan tsarin ne Goldbach ya lura a 1730 cewa ba wasu lambobin Ferma biyu da suka yi tarayya a mai raba su, domin duk abin da ya raba biyu daga cikinsu sai ya raba 2, su kuma duka mara ne. Shi ya sa ma ɗazu 257 ta bar saura 2, da ma ba ta da hurumi. Kenan da ƙa'idar Lucas da ta Goldbach a hannu, 641 ita ce gwajin farko. Kuma tunda kowace lambar Ferma tana zuwa da firam nata na kanta da ba a taɓa gani a baya ba, jerin kuma ba ya ƙarewa, to firam ma ba sa ƙarewa, hujja kyauta a kan hanya.

Ita 2^32 da ke tsakaninsu kuwa duk mai taɓa kwamfuta ya sha karo da ita ko bai sani ba. Ita ce ta sa tsohuwar Windows mai bit 32, wato gurbi 32, ba ta ganin ram sama da giga huɗu, ita ce kuma yawan adireshin intanet na tsohon tsari IPv4, wanda babbar ma'ajiyarsa ta duniya ta ƙare a Fabrairun 2011.

Sai abin da ba wanda ya zata. A ranar 30 ga Maris 1796 wani yaro Bajamushe, Carl Friedrich Gauss, bai cika 19 ba, ya gano cewa da rula da kamfas kaɗai, irin na cikin masset ɗin 'yan makaranta, ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida. Tun zamanin Girkawa an san na gefe 3 da na 5 da na 15, aka tsaya nan kusan shekara dubu biyu. Gauss ya nuna sirrin yana wajen firam ɗin Ferma ne: in yawan gefen mara ne, zai zanu in firam ɗin Ferma ne ko ninkin wasu daga cikinsu mabambanta, Pierre Wantzel kuma ya kammala ɗaya ɓangaren hujjar a 1837, cewa in ba haka ba bazai zanu ba. Shi ya sa gefe 7 da 9 ba sa zanuwa, 17 da 257 suna yi. Har wani Johann Hermes ya kwashe wajen shekara goma yana aikin na gefe 65,537, ya fitar a 1894, takardun suna jami'ar Göttingen. Da firam biyar, haɗe-haɗen da za ka iya yi 31 ne, mafi girmansu kuma shi ne a ninka duka biyar, lambar filash ɗin nan dai. Siffa mai gefe 4,294,967,295 tana zanuwa a ƙa'ida, mai gefe 4,294,967,297 ba ta zanuwa, saboda 641.

Ita ma 65,537, ƙaramar yayar lambarmu, ba zaman banza take ba. Yawancin makullan sirri na RSA da ke tsare shafukan banki da sauransu da ita suke aiki, saboda firam ce kuma a rubutun kwamfuta 1 biyu ne kawai a jikinta, lissafi da ita ba ya cin lokaci.

Bayan Oila abin bai yi wa hasashen Ferma daɗi ba ko kaɗan. F6, wato 18,446,744,073,709,551,617, wadda shi Ferma ya rubuta da hannunsa a wasiƙar 1640, ta tsage ita ma, 274,177 ke raba ta, Fortuné Landry ya fitar da wannan a 1880. F7 mai alƙaluma 39 sai 1970 Morrison da Brillhart suka fasa ta da kwamfuta. F8 a 1980, F9 a 1990, F11 ta riga F10 faɗuwa, 1988 da 1995. F12 har yau ba a gama fasa ta ba duk da an san wasu daga masu raba ta. Daga F5 har F32 an tabbatar ba firam ko ɗaya. F20 da F24 ma wani hali suke ciki, gwaji ya nuna ba firam ba ne amma ko mai raba su ɗaya ba a kama ba. Mutumin da ya ce duka firam ne, yau kusan shekara ɗari huɗu ba a ƙara ko ɗaya a kan biyar ɗinsa ba, har masana da yawa sun koma zaton biyar ɗin su kenan, sai dai wannan ma zato ne, ba wanda ya kawo hujja, kuma ni bayan abin da ya faru da F5 bana sa hannu a kan zato a wannan jerin ko ta wane ɓangare.

Ta farko da ba a san matsayinta ba ita ce F33. Alƙalumanta sun haura biliyan biyu da rabi. Na yi wa ƙanina lissafi a bayan rasit ɗin nan, in aka rubuta ta a fayil, alƙalami ɗaya bayit ɗaya, giga biyu da rabi ne da ɗan ɗori, za ta shiga filash ɗin kwastomansa ko ba a canja masa fomatin ba. Gwajin Pépin a kanta kuwa yana buƙatar a ninka lamba mai wannan tsawon da kanta sau sama da biliyan takwas da rabi, ɗaya bayan ɗaya, kowane sai ya jira na gabansa ya gama.